Ƙugiyar dala biyar ta ja min kunya a Yamai

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, kuma ba kowa ya ɓata min shi ba, ni na yi wa kaina. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke tafin hannuna? Dala biyar ma ba zai yi ba, wato sefa 25, don a nan dala ɗaya sefa biyar ce. Shi ya tsinka ni a gaban dattijo.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san na koma bayan Saga, nan gefen Yamai, kusa da gonakin shinkafa, na zuba 'yan zabi da kaji a tsakar gida. Sati biyu wani abu yana shigo min da dare. Zabi huɗu suka tafi, sai gashi kawai. Maƙwabcina ya ce dila ce, matarsa ta ce muzuru. Yayan mai gidanmu ya ara min tarkonsa na ƙarfe, tsoho ne amma bakinsa da ƙarfi, sarƙar da ke haɗa shi da turke ce kawai ta rabu da gindinsa. Na ce Baba wannan ai ƙaramin aiki ne. Ni da na yi shekara 11 ina sayar da kayan babur a Kano! Na ciro wata tsohuwar ƙugiya daga igiyar shanya, na buɗe ta da filaya, na saƙala, na matse. Ban ji daɗin yadda ta zauna ba, na sake buɗewa na sake matsewa. Da asuba na fito, turke na nan daram, ga sarƙa a kwance, tarko kuwa ya yi tafiyarsa da abin da ya kama.

Wallahi ba tarkon ya fi damuna ba. Dabba ce ta shiga ciyawa da ƙarfe a ƙafa, ba ta mutu ba, ba ta tsira ba, kuma haƙƙinta a wuyana. Sai bayan kwana biyu yara suka tsinto shi a bakin magudanar ruwa, da jini da ɗan gashi ja.

To shi ne jiya na ɗauki tarko da sarƙa na hau takisi sai Katako. Wanda bai san Katako ba, ya ɗauko Ƙofar Ruwa ta Kano ya zuba mata masu narka gwangwani suna zuba tukwane, da masu fasa durom suna yin akwati da murhu. Ba abin da ake yarwa. Amma fa gaskiya, wajen yawan kaya Ƙofar Ruwa uwa ce, kada 'yan Nijar su ji haushi. Kuma sai ka gyara bakinka. Na ce ina neman sifana, yaro ya tsaya yana kallona, ashe kile ake cewa. Walda sudir ce. Bol ɗinmu mai noti kuma bulon.

Aka nuna min wani tsohon maƙeri, mutumin Tawa ne, Ba'adare. Na gaishe shi na miƙa masa ƙugiyar. Ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Ɗana, sau nawa ka buɗe wagga?" Na ce sau biyu Baba. Ya ce, "Da wanda ya riga ka fa?" Na yi shiru.

Abin haushin, na san wannan karatun. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya sani: ka lanƙwasa ta nan, ka mayar can, wurin sai ya yi tauri, ya yi ɗumi, ya tsage. Haka ƙugiya take. Ana matse ta sau ɗaya ne. Kowace buɗewa tana barin 'yar tsaga a cikin gwiwar, inda ido ba ya kaiwa, ga tsatsa ta shige ciki tun daminar bara. Ku dubi bakin karayar nan, rabi baƙi ne, tsohon ciwo ke nan, rabi kuma fari yana ƙyalli, shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe da tarkon.

Na ce to Baba a sa bulon kawai. Nan ma na ɗan nuna masa ni ba baƙo ba ne. Ku riƙa duba kan bol, akwai lamba. Mai 8.8, kowace milimita murabba'i ta jikinsa tana ɗaukar kusan kilo 80 kafin ya tsinke, mai 4.6 kuwa rabin haka. Ɗan siririn nan mai milimita 6, wanda sifana lamba 10 take kamawa, ko mai arahar ne, wato 4.6, sai an rataya masa wajen kilo 800 kafin ya tsinke. Wace dila ce za ta ja wannan? Tsoho ya yi dariya ya ce ai dabba ba ja take ba, fizga take tana juyi. Kuma gaskiyarsa. Tana zagaya turke, sarƙa tana murɗewa tana gajarta, duk ƙarfin sai ya taru a gaɓa ɗaya, noti kuma yana warwarewa a hankali. Ka ga dalilin da ya sa in mutum ya zare ake cewa notinsa ya kwance, ba a cewa ya karye.

Sai ya yi min majuyi guda biyu, ɗaya a gindin tarko ɗaya a wajen turke, da ƙusa mai kauri a cikin lanƙwasasshen ƙarfe, yadda sarƙa za ta yi ta juyawa ba ta murɗe ba. Wajen bulon ɗin ya ɗaura noti biyu ya matse su da juna, sannan ya daddake kan da guduma har ya baje. Wannan sai dai a yanke. Duka jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, har da shayin da na saya masa.

Ni dai ga gargaɗina. Tsohuwar sarƙa ba laifi, tawa ma ita aka mayar, amma ya bi ta gaɓa-gaɓa da yatsa, ya cire biyu da suka miƙe suka sirance a inda suke gogar juna. Tsohon bol, in noti bai bi shi da yatsu tun daga sama har ƙasa ba, ya riga ya miƙe, ka rabu da shi. Notin nan mai roba a ciki, ranar da ya fara shiga da hannu ba sifana, robar ta gama aiki. Kada wani ya ce maka sarƙar babur ta fi ƙarfi, ni nake sayar da ita, gefe ɗaya kawai take lanƙwasuwa. Kuma don Allah kada ka kai tarko kusa da wuta garin gyara, in ƙarfen da ke harba bakin ya yi ja, ya saki ke nan har abada. In gidanka da yara ko awaki, ka haƙura da irin wannan tarkon gaba ɗaya. Ni ma sai bayan isha nake ɗanawa a bayan katanga, kafin kiran assalatu na kwance.

Da zan tafi na tsaya na sayi dambu da kopto, zogale ke nan, na dala ɗari. Ya yi daɗi, amma ina zai kamo ɗanwaken Hajiyarmu. Tsoho ya ce in bar masa ƙugiyar ya jefa a tarin ƙarafan da ake sayarwa a kilo, na ce a'a Baba, sai na nuna wa mutanena tukuna. To kun gani. Saura zabi bakwai, kuma har yanzu ban san ko dila ce ko muzuru ba.