Ƙarfin Soja da Sauran Hanyoyi a Manufar Yaƙi da Ta'addanci

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai da sauran mahalarta, an buƙaci in yi bayani kan yadda ƙasa za ta haɗa ƙarfin soja da sauran hanyoyi wajen yaƙi da ta'addanci, kuma zan fara da alƙaluma kafin in faɗi ra'ayina.

A shekarar 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta nazarci ƙungiyoyin ta'addanci 648 da suka wanzu tsakanin 1968 da 2006. A cikin waɗanda suka wargaje, kashi 43 cikin ɗari sun ajiye makamai ne suka shiga siyasa, kashi 40 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ne suka tarwatsa su, kashi 7 kacal ne soja ya murƙushe. Kada wani ya ɗauka cewa soja ba shi da amfani. Idan ƙungiya ta kama gari ta kafa tuta, kamar yadda Da'ish ta yi a birnin Mosul na ƙasar Iraƙi a 2014, babu malami ko alƙalin da zai iya fitar da ita, sai da aka gwabza yaƙi kafin a ƙwato birnin a 2017. Amma abin da soja ke samar wa gwamnati shi ne sarari da lokaci, kuma idan ba a cika wannan sarari da kotu da makaranta da hanyar neman abinci ba, waɗanda aka kora za su dawo. Afganistan ta ishe mu misali: bayan shekara ashirin ana yaƙi, Taliban ta koma Kabul a watan Agustan 2021.

A ganina, babban kuskure shi ne raba aikin gida biyu, a ce soja ya gama nasa tukuna sannan farar hula su shigo. Rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017, wanda aka yi hira da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin tsattsauran ra'ayi a Afirka, ya nuna cewa kashi 71 cikin ɗari sun ce wani mataki na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko kama aboki, shi ne ya ingiza su shiga. Ke nan halin da sojan da ke shingen bincike yake nuna wa matafiyi yana iya rushe aikin da masu wa'azi suka shekara suna yi. Shi ya sa Birtaniya, tun 2003, ta ɗaure hana shiga ƙungiya, da farautar masu laifi, da tsare jama'a, da shirin ko-ta-kwana a cikin manufa guda.

Inda abin ya fi wuya shi ne batun tubabbu. Aljeriya ta yi wa 'yan tawayen da suka ajiye makamai afuwa a 1999 da 2005, jini ya ragu ƙwarai, amma iyalan waɗanda suka ɓace a hannun jami'an tsaro sun ce an rufe musu ƙofar shari'a. Najeriya ta buɗe shirin gyaran halin tubabbun Boko Haram a 2016, kuma har yau akwai 'yan gudun hijirar da ke tambayar dalilin da ya sa za a koya wa wanda ya ƙone musu gari sana'a alhali su suna zaune a sansani. Dole ne manufa ta fayyace wanda za a yafe wa da wanda za a gurfanar, ta kuma ware wa waɗanda aka zalunta diyya a cikin kasafin da aka ware wa tubabbun.