Sharhi: Malam ya biya, ko yaro ya gano da kansa?

Assalamu alaikum masu saurare. Makon jiya na leƙa wata firamare nan cikin garin Sakkwato, na tarar da 'yan aji uku ana darasin kimiyya, malama na gaban allo tana cewa "ruwa yana zama tururi in ya ji zafi", yara na amsawa baki ɗaya har sau biyar, ginin ma sai da ya ɗauka. Da aka fita tara na tare wani yaro na ce ɗana, me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Shiru kake ji. Alhali daga randar nan yake sha kullum, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Kuma fa darasin nasu ke nan, ruwa ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ya tafi da zafin.

To amma kada a ce na koma bayan masu zuwa bita suna cewa wai a bar yaro ya gano komai da kansa, malam ya zama ɗan rakiya. A'a. Wane yaro ne zai zauna shi kaɗai ya gano wannan "b" ce waccan "ɓ"? Ko bakwai sau takwas? Dole a biya masa ya maimaita har ya zauna, haka aka yi mana a makarantar allo, haka Nana Asma'u ta karantar da 'yan taru, wato matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta, da waƙoƙin da ake haddacewa. Ga shi aji ya cika wasu a ƙasa, ka ce a rabu rukuni-rukuni ba tare da an faɗa musu abin da za su duba ba, wallahi kasuwa za ta ci.

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE, na ba kowane yaro ilimin matakin farko, a 1999, don haka muna da bakin magana. Roƙona ga masu horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, a nuna wa malami ya fara yin bayani gajere, sannan ya ajiye randa da bokiti ya ja bakinsa ya yi shiru na minti goma, yara su taɓa su yi gardama, shi kuma ya dawo ya gyara musu.

Na faɗa wa malamar haka, ta yi dariya ta ce Malam, manhaja ba ta ƙare ba kuma jarrabawa saura mako uku.