Kaurin harsashi da ran wanda aka harba

Jama'a, in kun dubi gindin kwanson harsashi, za ku ga an buga lamba. Lambar nan da aka buga, misali 9mm, kaurin harsashin take nufi, wato milimita 9. Amurkawa kuwa da inci suke aunawa, shi ya sa za ku ji .22 ko .45.

To me ya haɗa lambar da mutuwa? A 2018 wasu masana biyu, Anthony Braga da Philip Cook, sun bi bayanan 'yan sandan birnin Boston na Amurka kan mutanen da aka harba daga 2010 zuwa 2014. Sun tarar wanda aka harba da matsakaicin harsashi irin 9mm, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka harba da siririn harsashi irin .22 fiye da sau 2. In babban harsashi ne irin .45, ninkin ya kai sau 4 da rabi. Kuma masu manyan harsasan ba su fi iya saiti ba, ba su fi yawan harbi ba. A lissafinsu, da a ce duk da siririn harsashi aka yi harbe-harben, da kisan ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100.

Amma fa a yi hattara, Boston ba Birnin Gwari ba ce. Can yawanci ƙaramar bindigar hannu ce. Mu nan abin da ya addabi matafiya a hanyar Kaduna zuwa Abuja shi ne AK-47, kuma harsashinta milimita 7.62 ne, bai ma kai kaurin 9mm ba. Sai dai kwansonsa dogo ne, ya sha albarushi, yana fita da gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa guda, kusan ninki biyu na ƙaramar bindiga. Gudun kuwa in ya ninka, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa yake huda ƙofar mota kamar kwali, ya farfasa ƙashi, ya ɓata naman da ke gefen hanyar da ya bi. Ramin shigarsa ɗan ƙarami ne, ɓarnar tana ciki. Bindigar toka ta maharbin ƙauye ba sa'arta ba ce ko kaɗan.

Da irin wannan rauni, jini ne ke ƙarar da mutum kafin a kai shi gari. Don haka ne dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. A danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kar a tsaya laluben harsashi, a nufi asibiti mafi kusa.