David Cordingly da aikin tantance zanen teku

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, sharhinmu na yau kan wani Bature ne ɗan Birtaniya mai suna David Cordingly, wanda aka haifa a 1938, ya karanta tarihi a jami'ar Oxford, sannan ya shafe shekara 12 yana aiki a gidan adana tarihin teku na ƙasar da ke Greenwich a Landan, inda ya riƙe sashen zane-zane daga baya kuma ya shugabanci masu shirya baje koli. Yau in ka ambaci sunansa galibi cewa za a yi, ai mutumin nan ne na 'yan fashin teku. Gaskiya ne, amma ni a ganina an ɗauko labarin ne daga tsakiya, don kuwa asalin sana'arsa duba zane ne, zanen jiragen ruwa da yaƙoƙin teku, kuma wannan idon ne ya kai shi duk inda ya je.

To me ake dubawa a zanen jirgi? Kafin zuwan kyamara ai mai zane shi ne ɗan jarida shi ne mai ɗaukan hoto, in an gwabza a teku mutanen gari ba su da yadda za su ga abin da ya faru sai abin da ya zana musu. Shi kuma masani aikinsa ya tsaya gaban zanen ya yi ta tambaya, shin wanda ya zana wannan yana wajen ko labari aka ba shi, tutar nan ta wace shekara ce, igwa nawa ke jikin jirgin, iskar da ke kaɗa tuta ita ce ke kora hayaƙi ko kuwa mai zanen ya yi son ransa, kuma wa ya biya kuɗin aikin, don sau da yawa kyaftin ɗin da ya biya jirginsa ne za ka gani a tsakiya yana ta bajinta. Littafin da Cordingly ya fitar a 1974 kan zanen teku a Ingila daga 1700 zuwa 1900 ke nan, ya bi sana'ar tun daga tasirin 'yan Holan ɗin nan biyu, uba da ɗa masu suna Willem van de Velde, waɗanda Sarki Charles na Biyu ya ba su wurin aiki a Greenwich ɗin bayan sun zo Ingila wajen 1672.

Amma aikinsa da ya fi burge ni shi ne na 1986 kan Nicholas Pocock. Shi Pocock ɗan Bristol ne, an haife shi 1740 ya rasu 1821, kuma kafin ya zama mai zane kyaftin ne na jirgin 'yan kasuwa, har littafin da yake rubuta tafiyar jirgi kullum sai ya ƙawata shi da ɗan zanen jirgin yadda yake a ranar. A 1794 da sojojin ruwan Birtaniya suka kara da na Faransa ranar 1 ga Yuni, Pocock yana cikin wani jirgi mai suna Pegasus yana kallo yana zane yana rubutu. Wato shaida ne ganau, kuma Cordingly ya ɗauke shi a matsayin haka, ya jera zanensa da rubutunsa ya nuna yadda mutumin da ya san igiya da iska yake zana teku daban da wanda bai taɓa barin tudu ba. Wallahi irin wannan aikin ba ya kawo suna, haƙuri kawai yake ci, sai ɗan ƙalilan ke karantawa, amma duk wanda ya zo daga baya a kansa zai ɗora.

Sunan ya zo ne a 1992 da ya shirya baje kolin 'yan fashin teku a Greenwich, jama'a suka yi ta tururuwa, daga nan ya rubuta Under the Black Flag a 1995. Tambayar dai ita ce ta da, wa ya gani da idonsa? Sai ya koma kan takardun kotu da rahoton kyaftin-kyaftin da bayanan waɗanda aka kama, ya nuna cewa binne dukiya a tsibiri abu ne da ba kasafai ake yi ba, sa mutum ya taka katako ya faɗa ruwa ma da ƙyar ake samun shaidarsa, yawancin 'yan fashin nan matasa ne tsofaffin ma'aikatan jirgi, ganimarsu sau da yawa tufafi ne da abinci da kayan aiki, kuma azabar da suke gana wa mutane ba abin dariya ba ce. Labarin ma ya taɓo gaɓar Afirka ta Yamma, don ɗan fashin teku Bartholomew Roberts, wanda ya kama jirage kusan 400, an kashe shi ne a kusa da Cape Lopez ta Gabon a 1722, aka kai mutanensa Cape Coast da ke Ghana ta yau aka yi musu shari'a aka rataye 52. Makonni kaɗan kafin nan a Whydah da ke Jamhuriyar Benin ta yau mutanensa sun cinna wa wani jirgi wuta da bayi kusan 80 a ɗaure a ciki, wannan kam babu mai zanen da aka biya ya zana shi, sai a takarda ake samunsa, shi ya sa nake ganin masanin da ya tsaya kan zane kaɗai aikinsa bai cika ba.

Daga baya ya koma kan sojojin ruwa, a 2003 ya rubuta tarihin jirgi guda ɗaya, Bellerophon, wanda ya yi yaƙin 1794 ɗin nan da na bakin kogin Nilu a 1798 da Trafalgar a 1805, kuma a cikinsa Napoleon ya miƙa wuya a watan Yulin 1815, sai a 2007 ya fitar da tarihin hafsan sojan ruwan Birtaniya Thomas Cochrane. Mai son farawa da shi ya fara da na Bellerophon ɗin, don a nan ne ya haɗa zane da rajistar jirgi da wasiƙun ma'aikata wuri guda, ya bi jirgin tun daga ƙera shi har zuwa lokacin da aka mai da shi kurkuku a kan ruwa, aka sayar da shi aka farfasa a 1836.