Daren da na haɗu da macijin mage a dajin Agumbe

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bidiyon nan, ruwa ne ke dukan kwanon rufi, tun la'asar bai tsagaita ba. Yau ina Agumbe, wani ƙauye a kan duwatsun Ghats na Yamma, a jihar Karnataka ta ƙasar Indiya. Motar dare na hau daga Bengaluru inda nake karatu, tafiyar kusan kilomita 350. Ruwan da ke zuba a nan a shekara yana haura milimita 7,000, alhali a Kano da ƙyar ake kaiwa 1,000. Shi ya sa komai kore shar, har jikin bango.

Yawancin masu zuwa Agumbe sarkin gamsheƙa ke kawo su, macijin da ya fi duk masu dafi tsawo a duniya, wanda ake bibiyarsa a cibiyar binciken dajin da masanin macizai Romulus Whitaker ya kafa a nan a 2005. Ni ma shi na zo nema. Allah bai nufa na gan shi ba, sai ya haɗa ni da wani da ban taɓa jin labarinsa ba.

Bayan isha'i muka shiga daji, tocila a goshi, doguwar safa har gwiwa saboda matsattsaku. Ba mu yi nisa ba mai yi mana jagora ya ɗaga hannu, muka tsaya cak. Ku duba reshen nan, daidai ƙirjina. Abin da kuke gani kamar busasshiyar igiya, to shi ne. Siriri ne, kaurinsa bai fi babban yatsa ba, ja-ja mai zane-zanen duhu, wuya kamar tsinke, kai kuma faffaɗa. A ƙeyarsa akwai baƙin zane ya gitta kamar an saƙala masa abin wuya. Masana na kiransa Boiga nuchalis, tun 1875 yake ɗauke da sunan jinsinsa, kuma ɗan asalin duwatsun nan ne.

Bari in matso da kyamara ku ga idon. Manya ne, sun yi wa kan yawa, ƙwayar kuma a tsaye take, siririya, sak ta mage idan haske ya doke ta. Daga nan sunansa na Turanci ya samo asali, ma'anarsa macijin mage. Da na kawar da tocilar kaɗan, a kan idona ƙwayar ta buɗe.

Gaskiya gabana ya faɗi. Mu da muka tashi ko sunan maciji ba a kira da dare, sai dai a ce igiyar ƙasa, faffaɗan kai da tsayayyar ƙwayar ido abu ɗaya suke tuna mana: kububuwa. Wanda ya taɓa ganin manomin da aka garzaya da shi asibitin Kaltungo jini na fita ta dasashinsa ya san tsoron nan ba na banza ba ne. Idona har ya fara neman sanda a ƙasa. Jagoran ya lura, ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya in kalla.

Ga inda suka bambanta. Kububuwa da kasa fiƙoƙinsu a gaban baki suke, masu rami a ciki kamar allurar asibiti, sara ɗaya dafi ya shige. Shi wannan nasa can ƙuryar baki suke, ta baya, da ɗan kwari a jikinsu wanda dafin ke gangarowa ta kai. Sai ya kama abu ya riƙe, ya yi ta taunawa, kafin dafin ya ratsa. Tsaka da ƙadangare da kwaɗo da 'yan tsuntsaye, su dafin ke kayarwa. Mutum in ya cije shi, galibi ɗan kumburi ne da raɗaɗi. Amma don Allah kada wani ya ji haka ya kai hannu. A dajin nan akwai masu mugun dafi da su ma ke kwana a kan reshe, su ma ƙwayar idonsu a tsaye take, kuma a duhu baƙo ba zai rarrabe ba. Indiya ƙasa ce da saran maciji ke kashe mutum wajen 58,000 a shekara.

Abin da ya dame ni shi ne yadda kamannin nan ke janyo masa kisa. Yana bin tsaka har cikin rufin gidaje, a gan shi, a rotse masa kai, alhali bai iya kashe kowa ba. Kuma har yanzu ba a gama sanin danginsa ba: a 2019 aka gano wani sabon jinsi, Boiga thackerayi, a yankin Koyna na jihar Maharashtra, a kan duwatsun nan dai.

Mun kai minti goma muna kallonsa. Da na matsa fiye da kima sai ya janye wuyansa baya ya lanƙwasa shi, ya ɗaga kai, wutsiya na karkarwa a kan ganye. Na ja da baya taku biyu, ya saki jiki. Sai ya miƙa kusan rabin jikinsa a iska, ba abin da ya tallafe shi, ya kamo reshen sama ya haye. Ga shi can, wutsiyar kaɗai ta rage a cikin hasken.

Za mu juya yanzu, ruwa ya ƙaru kuma batirin kyamara ya kusa ƙarewa. Gobe da asuba in Allah ya kai mu zan dawo gindin bishiyar nan, jagoran ya ce da rana sukan naɗe a kogon itace ko ƙarƙashin ɓawo, ina so in ga idon nan da hasken rana.