Gashin Yutyrannus na nan kwance a cikin dutse

Masu sauraro, wani abu da ke ci mini rai shi ne yadda har yau masu zane, masu shirya fina-finai da masu ƙera kayan wasan yara ke nuna kowane babban dainoso mai cin nama tsirara, da fata mai ɓawo kamar ta kada. Ka yi magana, sai a ce maka gashi ai na ƙanana ne, ƙato ba ya gashi. Tun shekarar 2012 aka rushe wannan zance, amma an ƙi ji.

A shekarar ne Xu Xing, masanin ƙasusuwan dabbobin da ɗan ƙasar Sin, da abokan aikinsa suka bayyana wani dainoso mai cin nama, Yutyrannus huali, a mujallar kimiyya ta Nature. An samo shi a lardin Liaoning, arewa maso gabashin ƙasar Sin, cikin duwatsun da suka kai kimanin shekaru miliyan 125. Kuma ƙwarangwal uku ne kusan cikakku: babba, matashi da ƙarami. Babban ya kai mita 9 a tsawo, nauyinsa wajen kilo 1,400, ƙoƙon kansa kaɗai kusan santimita 90. Wannan ne za a kira ƙarami?

Gashin nan kuwa ba hasashen kowa ba ne, yana kwance a jikin dutsen. An gan shi a wuya, a dantse, a ƙugu, kusa da ƙafa, da kuma a wutsiya. Na wutsiya ya kai santimita 15, na wuya ya kai 20. Zare-zare ne, ya fi kama da gashin ɗan tsako, ba shi da faɗin gashin fiffiken shaho, don haka batun tashi sama bai ma taso ba. Tunda ya bayyana a sassa daban-daban daga wuya har wutsiya, abin da hankali zai kama shi ne ya lulluɓe yawancin jiki. Dalilin da ya sa bai ruɓe ya ɓace ba, laka mai laushi da tokar duwatsu masu aman wuta ne suka binne gawarwakin a yankin tafkuna. A cikin yashi mai tsakuwa ƙashi kaɗai ke saura, shi ya sa rashin ganin gashi a wani wuri ba ya nuna dabbar ba ta da shi.

Masu musu suna kafa hujja da giwa, wai saboda girmanta ne ba ta da gashi mai yawa. Gaskiya ne, jiki in ya yi girma yana riƙe zafi, matsalarsa ta koma yadda zai fitar da shi. To amma a wane yanayi? Binciken da aka yi kan haƙoran dabbobin wancan yanki ya nuna matsakaicin zafin shekara bai wuce kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius ba. Wuri ne mai sanyi. Giwar zamanin ƙanƙara ma ai da gashinta buzu-buzu ta rayu.

Sai su ɗauko Tyrannosaurus rex, su ce a 2017 an nuna fatarsa mai ɓawo ce. An nuna, amma ƴan guntaye ne ƙanana daga wuya, ƙugu da wutsiya. Kuma shi a Arewacin Amurka ya zauna, kusan shekaru miliyan 60 bayan Yutyrannus, a yanayi mafi ɗumi. Dangi ne, eh. Amma ta yaya fatar wata dabba za ta goge gashin da ke jikin wata? Haba!

Dubi sauran jikin ma, duk ya saɓa wa hoton da aka saba. Hannunsa yatsu uku ne masu kambori, kuma ya fi na Tyrannosaurus tsawo in an gwada da girman jiki, shi Tyrannosaurus kuwa yatsu biyu gare shi. Bisa hancinsa akwai tudun ƙashi da ya bi tsakiyar fuska kamar zanko. Ƙasusuwan tafin ƙafarsa gajeru ne, ba irin matsattsun nan na danginsa na baya masu gudu ba. Ƙwarangwal ukun sun kuma nuna yadda yake girma: kai na ƙara kauri da zurfi, ƙwauri da ƙafa na raguwa in an kwatanta da cinya. Ma'ana, ƙaramin ya fi babban sauƙin jiki, babban kuma ya fi dogara da ƙarfin muƙamuƙi.

Inda nake taka-tsantsan shi ne zancen farauta a garke. Don an ce an sami ukun wuri guda, wasu har sun zana su suna kewaye nama kamar kyarketai. Ambaliya ko zaftarewar laka na iya tara gawarwaki wuri ɗaya. Abin haushin, wannan da ke da rauni shi ake zanawa da gaba gaɗi, gashin da ake iya aunawa da ma'auni kuma a aske shi don wai dodo mai gashi ba ya ban tsoro. Dabba mai nauyin kilo 1,400 da haƙora masu baki irin na zarto, gashin wuyanta na santimita 20 bai rage mata komai ba. A zana ta da shi.