Amsoshin Tambayoyinku: Wuta ta kama hannu, me ya kai ta hanji?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah a unguwar Bukoki. Ta ce ƙanenta magini ne, yana jan rodi a saman bene, rodin ya taɓa babbar wayar kuran, wato lantarki. Ya ƙone a tafin hannu, sai wata 'yar ƙuna a gefen ciki da ba ta fi faɗin dala ba. Kwana huɗu yana shan kununsa yana fira, rana ta biyar ciki ya kumbura, aka yi masa fiɗa aka yanke hanji, aka maƙala masa ledar tara kashi a fatar ciki. Tambayarta: me ya haɗa wuta da hanji, kuma ledar ta zauna ke nan?

Malama, Allah ya ba shi lafiya. Wutar murhu fata take ci daga waje. Ta kuran kuwa shiga take yi, ta ratsa jiki tana neman mafita, tana dafa abin da ta tarar a hanya. Ta gidajenmu ƙarfinta bolt 220 ne, manyan wayoyin nan kuma sun haura 1000 nesa ba kusa ba. 'Yar ƙunar gefen cikin nan da kika raina, ita ce ta nuna wutar ta bi ta wajen.

Jinkirin fa? Hanji yana rayuwa ne da jinin da ƙananan jijiyoyi ke kai masa. Wuta ta gasa cikin jijiyoyin, jini ya riƙa daskarewa sannu a hankali har hanya ta toshe. Yankin da jini ya daina isa sai ya yi baƙi, ya mutu, ya huje, kashi ya zubo cikin ciki. Wutar ƙaiƙayi ke nan, sama toka ƙasa garwashi. Ga maganin rage zafin ƙuna da ake ba shi, shi ma yakan danne ciwon cikin.

A nan zan ɗan ja kunne. Wanda wuta ta kama, ko an sallame shi, in cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ga amai da zazzaɓi, ba kashi ba tusa, kada a ce kumburi ne a jiƙa masa kanwa. Kada a ba shi ko ruwa, a koma wurin lokotoro a daren.

A ɗakin fiɗa, ana buɗe ciki a bi hanjin taƙi-taƙi, a yanke matacce, a wanke cikin tas. In sauran hanjin jajir yake, sai a ɗinke bakin biyu. In ƙazanta ta yi yawa, ɗinkin zai iya warwarewa, shi ya sa ake fito da bakin hanji ta fatar ciki a sa leda. Wani lokaci ma akan sake buɗewa bayan awa 24 zuwa 48, don wurin da aka gani lafiya jiya yana iya wayar gari baƙi.

Ledar dai galibi ta wucin gadi ce. In ya murmure, bayan kamar wata 2 zuwa 3 akan mayar da hanjin, amma wanda ya yi aikin shi zai sa ranar. Kafin nan, ki lura da fatar da ke kewaye da ledar kada ta saluɓe, kuma in abin da ke fita ruwa-ruwa ne, ya yawaita shan ruwan gishiri da sukari.